A Daina Auna Rahoton Ɗalibin Injiniya da Kaurinsa

A watan da ya gabata ɗan ƙanwata, wanda ke aji biyar a tsangayar injiniya ta wata jami'a a nan Arewa, ya kawo mini kundinsa na kammala karatu domin in duba masa kafin ya kai a ɗaure. Aikin da aka ba shi mai amfani ne: ya tsara yadda za a samar wa wani ƙauye ruwan sha daga rijiyar burtsatse, da famfo mai aiki da hasken rana, da tanki a bisa hasumiyar ƙarfe. Kundin ya kai shafi 126, kuma yaron ya sha wahala a kansa, don na ga yadda ya rame a zangon nan.

Na karanta shi a dare biyu. Shafuka 41 sun tafi a kan muhimmancin ruwa ga ɗan Adam, da tarihin amfani da hasken rana, da ire-iren famfo da ake da su a duniya. Sai a shafi na 78 na ci karo da jimla guda da ke cewa za a yi amfani da tanki mai cin lita 10,000. Na kira shi na ce, "Daga ina wannan adadi ya fito?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kawu, ai shi ake sakawa."

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ban ga laifin yaron ba, domin abin da aka nuna masa shi ya yi. Ra'ayina shi ne jami'o'inmu suna koya wa ɗaliban injiniya rubuta kundi mai babi biyar irin na masu binciken ilimi, alhali abin da sana'ar take buƙata shi ne rahoton ƙira, wato takardar da ke bayyana me aka yanke, me ya sa aka yanke shi, da waɗanne alƙaluma aka dogara, kuma me zai faru idan ɗaya daga cikinsu ya kuskure. Ya kamata a fara koyar da wannan tun daga aji biyu, a riƙa ba shi maki na gaske, kuma a daina ɗaukar yawan shafuka a matsayin shaidar ƙwazo.

Abin da lita 10,000 ta ɓoye

Bari in tsaya a kan tankin nan, domin duk maganar tana cikinsa. A wani wuri a kundin an ce mutanen ƙauyen 800 ne. Idan aka ware wa kowane mutum lita 20 a rana, wanda shi ne ɗan abin da zai ishi sha da girki da ɗan wanke-wanke, buƙatar yini ta zama lita 16,000. To, tankin lita 10,000 ya isa ko bai isa ba? Yana iya isa, idan famfon na zuba ruwa da rana a lokacin da mutane ke ɗiba, ta yadda tankin zai ajiye na yamma da na asuba kawai. Yana kuma iya gazawa, idan akasarin ɗibar ruwan da sassafe ake yin ta kafin rana ta yi ƙarfin tayar da famfo. Amsar tana ga matan ƙauyen da 'ya'yansu, waɗanda suka san lokacin da suke fita da jarkoki, kuma kundin bai nuna an tambaye su ba.

Sannan akwai ita kanta rijiyar. Famfon sola yana samun kimanin awa 6 ne na cikakkiyar rana a yankinmu, don haka fitar da lita 16,000 na nufin kusan lita 2,700 a kowace awa. Duk wanda ya yi aikin ruwa a inda ƙasa ke zaune kan dutse, kamar sassa da yawa na Kano da Kaduna da Katsina, ya san cewa ba kowace burtsatse ke iya ba da haka ba tare da ta ƙafe ba. Ana gane wannan ne ta gwajin jan ruwa da ake yi bayan an gama haƙa. Babu sakamakon irin wannan gwaji a kundin, babu kuma inda aka ce an nema ba a samu ba.

Hasumiyar ma haka. Lita 10,000 ta ruwa nauyinta tan 10 ne, kuma yaron ya lissafa wannan daidai, ƙarafan da ya zaɓa za su ɗauka. Abin da bai duba ba shi ne halin da hasumiyar za ta shiga idan tankin babu ruwa sannan guguwar farkon damina ta taso, irin wadda ke yaye kwanon makarantu a watan Mayu da Yuni. Tanki fanko a sama kamar laima ne a gaban iska, kuma a lokacin ne ƙusoshin da suka riƙe ƙafafun hasumiya da harsashi ke shan gwaji. Ya iya lissafin, na gwada shi ya yi a gabana cikin minti 20. Tsarin kundin ne bai taɓa tilasta masa ya jera yanayin da ginin zai fuskanta ɗaya bayan ɗaya ba.

A nan ne nake ganin bambancin kundi da rahoton ƙira. Wanda ya zauna zai rubuta "na zaɓi lita 10,000 saboda..." dole ya cike gurbin da ke bayan "saboda", kuma a wajen cike shi ne zai gano cewa bai san lokacin ɗibar ruwa ba. Rubutun da kansa yana cikin aikin ƙira, shi ke tona ramukan da lissafi ya tsallake.

"Injiniya da lissafi aka san shi"

Wannan ita ce magana ta farko da nake ji daga ɗalibai, har da wasu abokan aikina. Suna cewa rubutu na 'yan jarida da lauyoyi ne, injiniya kuwa ya iya lissafi da zane ya wadatar.

Shekara 17 ke nan ina wannan sana'a, kuma ban taɓa ɗaura rodi ko zuba kankare da hannuna a ginin da na tsara ba. Abin da ke fita daga ofishina takarda ce: zane, da lissafi, da bayanin kayan aiki, da ƙiyasin kuɗi. Ɗan kwangila da birkila da mai walda su ke mayar da takardar gini, kuma sau da yawa ba na wurin lokacin da suke karanta ta. Idan takardar ta bar ƙofar shakka, wani ne zai yanke hukunci a madadina, a tsaye cikin rana, da siminti yana bushewa a gabansa.

Misalin da ake koya wa ɗaliban injiniya a ƙasashe da dama shi ne na otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas a Amurka. Ranar 17 ga Yuli, 1981, wasu gadoji biyu na tafiya da ƙafa da aka rataye a cikin zauren otal ɗin suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. A zanen asali, doguwar sandar ƙarfe guda ce za ta sauko daga rufi ta riƙe gadar hawa na huɗu, ta wuce ta riƙe ta hawa na biyu. A lokacin aiki sai aka sauya, aka yi sanduna biyu: ta sama ta riƙe gadar hawa na huɗu, ta ƙasa kuma aka rataye ta a jikin ita wannan gadar. Kamar mutum biyu ne a jikin igiyar rijiya, maimakon kowa ya riƙe igiyar da hannunsa sai na ƙasa ya kama ƙafar na sama. Nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama ya ninka sau biyu. An amince da zanen da ke ɗauke da wannan sauyi ba tare da an zauna an lissafa shi ba, kuma bincike ya nuna cewa ko tsarin asalin ma bai kai ƙarfin da dokar ginin birnin ta tanada ba. Injiniyoyin da ke da alhakin aikin sun rasa lasisinsu.

Waɗannan mutane sun iya lissafi. Abin da ya faɗi shi ne al'adar rubuta kowane sauyi da dalilinsa da lissafinsa a inda wani zai duba ya sa hannu. Haka a 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na aikin ya ba da alƙaluman ƙarfi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma ya karanta su a matsayin wani ma'aunin ƙarfi daban da ake kira niyuton. Shi ya sa duk lokacin da na ga lamba tsirara a rahoton ɗalibi, babu mita babu kilo a gefenta, nake zagaye ta da jan biro.

Mu ma muna da namu. Lokacin da bene mai hawa 21 ya rushe a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, inda fiye da mutum 40 suka rasu, jaridu sun buga wata wasiƙa ta watan Fabrairun 2020 wadda injiniyan da ya fara kula da ƙarfin ginin ya rubuta yana janye hannunsa daga aikin. Bayan ƙura ta lafa, abin da masu bincike ke nema ke nan: wa ya rubuta me, yaushe, kuma wa ya karanta.

Babi biyar

Akwai masu kare tsarin da ake bi yanzu, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa ɗalibi na buƙatar ƙa'ida da zai bi, in ba haka ba kowa zai rubuta abin da ya ga dama, malami kuma ya rasa ma'aunin da zai ba da maki. Na yarda ana buƙatar ƙa'ida. Tambayar ita ce ƙa'idar wane aiki.

Tsarin gabatarwa, bitar ayyukan magabata, hanyar bincike, sakamako, kammalawa, an yi shi ne domin mai neman amsar tambayar da ba a sani ba. Ɗalibin da ke gwada ko tokar buntun shinkafa za ta iya maye gurbin wani kaso na siminti, wannan tsari ya dace da shi sosai. Amma wanda aka ce ya tsara kwalbati ko injin casar gero ko wutar sola ta asibitin ƙauye, aikinsa zaɓi ne tsakanin hanyoyi da dama waɗanda duk za su iya yi, kowace da kuɗinta da aibinta. Idan aka cusa shi cikin babi biyar, sai babi na biyu ya kumbura da kwafe-kwafe daga intanet, zaɓin da ya kamata ya zama zuciyar aikin kuma ya koma jimla guda a shafi na 78.

Rahoton da nake so in gani yana farawa da shafi ɗaya da mai aikin zai karanta ya san abin da aka ba shi shawara ya gina da abin da zai kashe. Daga nan sai buƙatun, a rubuce da lambobi, yadda za a iya dawowa daga baya a ce an cika ko ba a cika ba. Sai abubuwan da aka ɗauka a matsayin gaskiya ba tare da an auna ba, kowanne da inda aka samo shi, domin a nan ne ƙarya ke samun wurin kwana. Idan ɗalibi bai gwada ƙasar wurin ba ya faɗa, ya kuma faɗi ƙarfin da ya ƙaddara mata, don wanda zai gina a kan marmara da wanda zai gina a kan baƙar lakar nan mai kumbura da damina ta tsage da rani, irin ta sassan Borno da Adamawa, ba harsashi ɗaya za su zuba ba. Sai hanyoyi biyu ko uku da aka auna, da dalilin barin waɗanda aka bari. Tankin roba ko na ƙarfe, babba guda ko ƙanana biyu da za a iya wanke ɗaya ana shan ɗaya? Dogon lissafi ya koma rataye a ƙarshe, a jere yadda wani injiniya zai bi shi layi-layi.

Ko ƙa'idar lissafin da aka bi ma sai an ambata ta da dalili. Yawancinmu a Najeriya da ƙa'idar Birtaniya ta BS 8110 muka koyi aikin kankare, kuma har yau ana amfani da ita a ofisoshi da yawa, alhali a can Birtaniya an janye ta tun 2010 an koma ta Tarayyar Turai. Ba laifi ɗalibi ya bi ko wacce, amma na sha ganin wanda ya ɗauko ninkin kariya, wato rarar ƙarfin da ake ƙarawa a lissafi domin tsaro, daga wannan, ya ɗauko jadawali daga waccan, ya haɗa su a shafi ɗaya bai sani ba.

Batun Turanci

Wasu na cewa matsalar harshe ce, yaranmu da Turancin aro suke rubutu, don haka kada a matsa musu. Wannan ta taɓa ni, domin ni ma daga makarantar gwamnati na fito, kuma na san kunyar da mutum ke ji idan aka yi masa dariyar jimla.

Sai dai abin da na lura da shi shi ne rahoton ƙira ya fi kundi sauƙi ga wanda Turanci ba harshensa ba ne. Gajerun jimloli yake so, da jadawali, da zane mai lamba da suna. Manyan kalmomin da ɗalibai ke tsoro duk a babin kwafe-kwafe suke. Na karanta rahoton wata ɗaliba da ta zo mana horon SIWES, wato koyon aiki da ake tura ɗalibai su yi a ma'aikatu, Turancinta da gyara, amma a shafi 9 ta bayyana dalilin tsattsagewar wata katanga, da hotuna masu kwanan wata da ma'aunin faɗin kowace tsaga, har maigidanmu ya aika wa mai ginin kusan yadda ta rubuta shi.

Zan ma ƙara da wata shawara da na san wasu malamai za su yi wa kallon raini. Duk aikin da aka tsara domin al'ummar da Hausa take ji, a buƙaci ɗalibi ya haɗa da shafi ɗaya da Hausa: yaushe za a goge ƙurar hunturu daga farantan sola, wane sauti famfo zai yi a kashe shi, nawa za a riƙa tarawa a wata domin gyara. Kwamitin ƙauyen ne zai zauna da wannan tanki shekara da shekaru bayan ɗalibin ya tafi bautar ƙasa. Kuma wanda ya iya bayyana wa mai unguwa dalilin da ya sa ba za a ƙara tanki na biyu a kan hasumiyar ba, ya fahimci lissafinsa fiye da wanda ya haddace shi.

Malamai sun yi kaɗan, ga kuma na'ura mai rubutu

Hujja mafi nauyi ita ce ta yawan ɗalibai. Malami guda yana duba kundin mutum goma sha wani abu, ga darussa, ga jarrabawa, ga albashin da ba ya kai wata. Ba adalci ba ne a ɗora masa ƙarin karatu. Amma shawarar da nake bayarwa rage masa kaya take yi. A sa iyaka, a ce jikin rahoto kada ya wuce shafi 30 ban da rataye. Malamin da ba zai iya karanta shafi 126 sau goma sha biyar ba zai iya karanta 30, kuma ɗalibin da aka hana shi cika takarda dole ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci. Iyaye ma za su huta da kuɗin bugawa da ɗauri a shagunan bakin ƙofar jami'a.

Sannan kada a jira aji biyar. A aji biyu a ba ɗalibi aikin shafi 2, ya zaɓi kaurin wayar da za ta kai wuta shago ya faɗi dalili. A aji uku ya yi na shafi 5, a ba abokinsa ya bi lissafin ya ga ko zai kai ga amsa ɗaya, a ba su maki su biyun. Haka ake yi a ofis, mai ƙira daban mai dubawa daban, kowa da gurbin sa hannunsa a gefen takarda. Icen da ake so ya tanƙwaru tun yana ɗanye ake kama shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga masu tsara manhajar karatu. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 domin kula da aikin injiniya a Najeriya, ta samu shiga yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniya na juna a ƙarƙashinta, a matakin wucin gadi a 2023, kuma cikin siffofin da yarjejeniyar ke nema ga wanda ya kammala digirin injiniya akwai iya rubuta rahoto da takardun ƙira masu inganci. Abin yana nan a rubuce. Saura ya sauko daga takardar tantance kwasa-kwasai ya shiga takardar ba da maki.

Game da ChatGPT da ire-irensa, gaskiya ne yanzu ɗalibi na iya samar da babi na biyu cikin 'yan mintuna, kuma malami ba zai iya rantsuwa a kan wanda ya rubuta ba. Wannan ƙarin dalili ne na rage darajar wannan babi. Na'ura ba ta san yawan shanun da ke shan ruwa a ƙauyen ba, ba ta san farashin rodi mai milimita 12 a kasuwa a wannan makon ba, sai wanda ya je ya tambaya. A ranar kare kundi, maimakon a ɓata rabin lokaci kan tazarar layi da girman haruffa, a buɗe kowane shafi a ɗora yatsa kan lamba ɗaya a ce, "Malam, wannan daga ina?" Minti biyar sun isa a san wanda ya yi aikinsa.

Ɗan ƙanwata ya koma ƙauyen ranar wata Asabar, ya kwana, ya zauna a bakin tsohuwar rijiya tun asuba da littafi a hannu yana ƙirga jarkoki. Ya dawo da abubuwa biyu da ba su cikin shafuka 126 ɗin: fiye da rabin ɗibar ruwan kafin ƙarfe 9 na safe ake gama ta, kuma da rani akwai makiyaya da ke sauka da garkensu a gefen garin. Ya sake lissafi, tankin ya koma biyu, hasumiyar ta sauya, kuɗin ya ƙaru, ya kuma rubuta dalilin ƙarin a fili. Babi biyar ɗin suna nan, domin sashensu bai yarda a taɓa tsarin ba, amma ya rage na biyu zuwa shafi 11. Har yanzu yana neman takardar gwajin jan ruwa daga waɗanda suka haƙa rijiyar, kuma a shafin abubuwan da ya ƙaddara ya rubuta cewa idan ta nuna ƙasa da lita 2,700 a awa, sai an sake zaɓen famfon.